Harsashi ɗaya tak: Abin da ya sa manyan maharba ke zuba miliyoyi a kan "harba-ka-ruga" ta Turawa

A garin Ferlach da ke kudancin ƙasar Ostiriya akwai maƙeran da mutum zai kai musu kuɗin da zai iya gina gida a Maraɗi ko Damagaram, su auna masa kafaɗa da tsawon hannu kamar mai ɗinkin babbar riga, su ce ya je ya dawo bayan shekara ɗaya ko biyu. In lokacin ya cika sai su miƙa masa bindiga. Kuma bindigar nan harsashi ɗaya kacal take ɗauka. In an harba, sai an buɗe ta an cire kwanson, an sa wani da hannu, sannan a sake harbawa.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai ce to ai wannan harba-ka-ruga ce, irin wadda maharban ƙauye ke rataye da ita tun kaka da kakanni. A wannan zamani da ake samun bindigar farauta mai cin harsashi biyar a farashin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na waccan ba, me zai sa mai hankali ya sayi mai ci ɗaya? Amsar ta haɗa da tarihi, da gwanintar ƙira, da kuma wata tarbiyya ta maharba wadda mu ma mun san ta, sai dai tana neman ɓace mana tare da namun dajin kansu.

Wace irin bindiga ake nufi?

Da farko sai a bambance abu biyu. Akwai bindigar da cikin bututunta sumul yake, wadda ake ɗura wa kartushi mai ƙananan ƙwayoyin darma da yawa. Ita ce kalibar 12 da aka saba gani hannun masu harbin zabin daji da fakara da zomo, kuma ba ta cin nisa sosai. Akwai kuma wadda aka yi wa tsaga mai murɗewa a cikin bututu, ta yadda harsashi ɗaya zai fita yana juyawa kamar katantanwar da yara ke murzawa. Wannan juyawar ce ke sa ya tafi sak, har ya sami dabba daga nisan mita 200 ko 300. Irin wannan ta biyun ce ake magana a kai.

Ta fuskar yadda ake buɗe su, masu tsadar sun kasu gida biyu. Ta farko tana da wani dunƙulen ƙarfe a bayan bututu. In an ja mariƙin da ke ƙasa sai dunƙulen ya sauka, ramin harsashi ya bayyana, in an mayar sai ya hau ya toshe bayan harsashin kamar ƙyauren ƙarfe. Ingila da Amurka suka fi shahara da wannan. Ta biyu kuwa karya ta ake yi a tsakiya, bututun ya sunkuya ƙasa, kamar dai kalibar 12 ɗin da muka sani. Jamusawa da mutanen Ostiriya ke ji da ita, suna ce mata Kipplauf.

Amfanin wannan tsari a fili yake. Tunda babu ma'ajiyar harsasai, babu kuma doguwar sakata mai kai da komo, sai jikin bindigar ya zama gajere. Za a iya ƙara wa bututu kusan santimita 10 ba tare da ta fi sauran bindigogi tsawo ba, kuma dogon bututu na ƙara wa harsashi gudu. Ga rashin nauyi. Blaser K95 da ake ƙerawa a garin Isny na Jamus wajen kilo biyu da rabi ce, ana kuma kwance ta gida uku a sa a jakar goyo. Mai hawan duwatsun Alps yana bin awakin dutse tun asuba ya san darajar kowane giram da aka rage masa.

Daga Sharps zuwa Ruger

A mafi yawan ƙarni na 19 ba wani zaɓi ba ne, galibin bindigogi masu ci ɗaya ne. A 1848 wani Ba'amurke, Christian Sharps, ya yi rajistar tsarin dunƙule mai sauka, samfurin kamfaninsa na 1874 kuma ya zama abin da maharban baunar Amurka suka fi so. A Biritaniya, John Farquharson ɗan yankin Sikotlan ya yi rajistar nasa tsarin a 1872, maƙerin nan George Gibbs na birnin Bristol ya riƙa ƙera ta. Waɗanda Gibbs ya fitar gaba ɗaya ba su kai dubu ba, shi ya sa a yau masu tara kayan tarihi ke rububinsu. Frederick Selous, fitaccen maharbin da aka sa wa babban gandun dajin Tanzaniya sunansa, da irin wannan ya yi shekaru yana farauta a kudancin Afirka.

Shi kuwa John Moses Browning, wanda daga baya ya zama mashahurin mai ƙirƙirar bindigogi a duniya, da mai ci ɗaya ya fara. Ya yi rajistarta a 1879 yana saurayi a shagon gidansu da ke Ogden a jihar Utah. Kamfanin Winchester ya sayi haƙƙin a 1883, ya fitar da ita da sunan samfurin 1885.

Daga nan sai zamani ya juya. Bindigar Mauser ta Jamus mai sakata, musamman samfurin 1898, ta zo da harsashi biyar a ciki, ga ƙarko ga araha. Bayan yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, miliyoyin sojojin da suka koma gida sun riga sun saba da ita. Mai ci ɗaya ta koma kayan tsofaffi, kamfanoni suka daina yin ta.

Wanda ya farfaɗo da ita shi ne Bill Ruger, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Sturm, Ruger a 1949. Mutum ne mai son tsofaffin bindigogin Ingila, sai ya ɗauki fasalin Farquharson ya sabunta shi, a 1967 Ruger No. 1 ta shiga kasuwa. Kasada ce babba, don a lokacin kowa ƙarin harsashi yake nema. Amma ta karɓu, an ƙera ta da girman harsashi iri-iri masu yawan gaske, tun daga na harbin dila har zuwa na bauna da giwa. Ita ma Sharps ta dawo. A ƙaramin garin Big Timber na jihar Montana kamfanonin Shiloh da C. Sharps na ƙera ta har yau, kuma fim ɗin Quigley Down Under na 1990, wanda Tom Selleck ya fito riƙe da ƙirar Shiloh, ya sa masu oda suka yi layi mai tsawo.

Yadda ake odar ta

Mai son irin wannan bindiga hanya uku ke gabansa. Ko ya sayi ta kamfani yadda take, ko ya sayi ta kamfanin ya kai wa gwani ya sake mata ƙota da bututu da ado, ko kuma ya je wurin maƙeri a fara masa daga dunƙulen ƙarfe. Ko wacce ya bi, tambayar farko ɗaya ce: me za ka harba da ita, kuma a ina?

Amsar ce ke tsayar da girman harsashi. Mai bin barewa da makamantanta yakan tsaya a kan 7x57 na Mauser, wanda aka ƙirƙira tun 1892, ko .30-06 na Amurka. Mai bin manyan dabbobi irin su gwanki ko aladen daji na Turai yakan haura zuwa 9.3x74R. Mai niyyar bauna kuwa sai .375 H&H da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, wanda ƙasashen Afirka da dama suka sa a matsayin mafi ƙanƙantar abin da aka yarda a tunkari dabba mai haɗari da shi. Harafin R da ake gani a ƙarshen wasu lambobin na nufin kwanson yana da leɓe a gindi. A bindigar da ake karyawa leɓen nan na da muhimmanci, don shi macirin ke kamawa ya fiddo kwanson. Ga mai ci ɗaya, kwanso ya maƙale daidai yake da a ce sanda kake riƙe da ita.

Bayan harsashi sai ice. Kusan duk ƙotar bindiga mai daraja da icen wolnat ake yin ta, kuma wanda aka fi nema shi ne na Turkiyya da yankin Kokeshas da Faransa. Ana tono tsohuwar bishiya ce har saiwa, domin wurin da gindi ya haɗu da saiwa nan ne zanen itacen ya fi kyau, baƙi da ruwan zuma suna murɗe da juna kamar hayaƙi. Sai a yanka shi gunduwa-gunduwa, a shafe bakin da kakin zuma, a ajiye a inuwa shekaru yana bushewa a hankali. Gunduwa ɗaya mai kyau, tun ba a sa mata wuƙa ba, tana iya fin sabuwar bindigar kamfani tsada. Amma masana na jan kunne cewa kyau kaɗai bai isa ba. Dole jijiyar icen ta miƙe a wuyan ƙota, wurin da hannu ke kamawa, don nan ne ya fi siranta, nan ne kuma yake tsagewa in harsashin mai ƙarfi ne.

Sai awo. A manyan shagunan Landan da Ferlach akwai wata bindigar gwaji wadda ake iya tsawaita ƙotarta, a ɗaga, a karkata. Za a sa mai saye ya yi ta ɗaga ta zuwa kafaɗa ana gyarawa, har sai an kai inda zai rufe ido ya ɗaga, in ya buɗe ya tarar idonsa na kan saiti. Ga matsakaicin mutum, tsakanin kunama da ƙarshen ƙota kusan santimita 36 ne, amma mai dogon wuya da mai faɗin ƙirji da bahago kowa da nasa. Ƙotar da ba ta dace da jiki ba ita ke sa bindiga ta naushi mai ita a kunci, shi kuma ya fara runtse ido kafin ya ja kunama. Da zarar maharbi ya koyi wannan tsoron, to ya gama kuskure.

Daga nan aikin ya koma na haƙuri. Ana fafe icen da hannu har ƙarfe ya zauna a ciki ba tare da gibin da gashi zai shiga ba. Ana yi wa wurin riƙo zanen ƙananan lu'u-lu'u, layi 20 zuwa sama a kowane inci, don kada gumi ya sa hannu ya zame. Ana shafa mai da tafin hannu, a bari ya sha, a goge, a sake, makonni ana abu ɗaya. Jikin ƙarfen kuma wasu kan gasa shi cikin gawayin ƙashi sannan a tsoma a ruwa, ya fito da launin shuɗi da ja da ruwan toka wanda ba a taɓa samun biyu iri ɗaya.

Ado shi ne na ƙarshe, shi ne kuma ke cinye kuɗi. Turawan Ingila sun fi son ƙananan furanni da murɗe-murɗe. Jamusawa da mutanen Ostiriya na son ganyen bishiya da hoton barewa da aka sassaƙa da zurfi. Masu zanen kwarin Val Trompia na Italiya kuwa da ɗigo-ɗigon tsinin ƙarfe suke fitar da hoto kamar na kyamara. Bindiga mai ci ɗaya tana da faffaɗan gefe sumul, wanda ya zame wa mai zane tamkar allo, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa masu kuɗi ke son ta.

Nawa ke nan? Ruger No. 1 sabuwa tana kaiwa wajen dala dubu biyu, kuma yanzu kaɗan-kaɗan ake fitar da ita. Irin su Blaser da Merkel da Krieghoff na Jamus daga yuro dubbai suke farawa. Ta hannu daga Ferlach kuwa tana iya wuce yuro dubu 30, wato kusan miliyan 20 na sefa, kuma akwai waɗanda ke ninka haka sau da yawa. Garin ya fi shekara 400 yana wannan sana'a, yana da makarantar koyon ta, kuma a 2010 aka sa ta cikin jerin al'adun gargajiyar Ostiriya da hukumar UNESCO ta ƙasar ke kula da shi.

Abin da ido ba ya gani

Duk wannan ado ba ya harbi. Abin da ke sa harsashi ya faɗa inda aka nufa shi ne ingancin bututu, da laushin kunama, da yadda aka ɗaura madubin hange. Masu Ruger No. 1 sun daɗe da sanin cewa wata takan zo da saiti kamar da hannu aka ajiye, wata kuma sai ta riƙa warwatsa harsashi, kuma sau da yawa laifin na icen gaba ne da ke danna bututu. Gwanaye na gyara wannan da kuɗi kaɗan. Saboda haka masu tsohon hannu kan shawarci sabon shiga da ya fara kashe kuɗinsa a kan kunama da madubi da harsasan gwaji, ado ya biyo baya in da saura.

Mai sayen tsohuwa kuma akwai abin dubawa. Ya haska cikin bututu ya ga ko tsagar ta cinye ko tsatsa ta yi rami. In mai karyawa ce, ya cire icen gaba ya girgiza ya ji ko tana lilo. Ya duba wuyan ƙota da kyau, don akan ɓoye tsagewa da mai. Ya kuma tambayi kansa ko zai sami harsashinta, domin da yawa daga tsofaffin Ingila an daina yin abincinsu, sai dai a rataye a bango. Wanda zai kawo ta yankinmu ya ƙara da lissafin yanayi. Icen da ya bushe a sanyin Turai in ya sha hunturu da zafin bazara yana ƙara tsukewa, dunƙulen ƙarfe ya saki, saiti ya gushe. Ƙura kuma in ta haɗu da mai sai ta zama kamar yashin goge ƙarfe.

Sai babban abu, wato hatimin gwaji. A Biritaniya da Jamus da Ostiriya da Beljiyam da Faransa da Italiya, doka ta hana sayar da bindiga sai an kai ta gidan gwaji na hukuma. Na Landan ya samo asali tun 1637, na Birmingham kuma 1813. A can ake ɗura mata harsashin da ƙarfinsa ya ɗara na yau da kullum da kusan kashi 25 cikin ɗari, a harba a ɗaki rufe, sannan a bincika. In ta jure a buga mata hatimi a jikin ƙarfe. In ta fashe, ta fashe a ɗakin gwaji, babu yatsan kowa a kai.

Tamu harba-ka-ruga

Wannan batu na hatimi shi ya fi shafar mu. Bindiga mai ci ɗaya ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. Tun zamanin cinikin bakin teku Turawa ke shigo da bindigar ƙanƙara, har sunan da ake kiran ta da shi a Turancin Najeriya da Gana ya samo asali ne daga 'yan kasuwar Denmark da suka zauna a Accra. Ta arewa kuma fatake na kawo wasu daga Tarabulus. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimun ya tara bindigogi masu yawa, har igwa aka ƙera masa a Zinder. Har gobe in an yi hawan Sallah a Kano ko Katsina ko Damagaram, ƙarar bindigogin toka ce ke sanar da fitowar sarki.

Abin da ya sa muka tsaya a kan wannan tsohuwar fasaha kuwa siyasa ce. A yarjejeniyar Brussels ta 1890 ƙasashen Turai suka amince a taƙaita shigar da bindigogin zamani wani makeken yanki na Afirka da ya haɗa da ƙasar Hausa baki ɗaya, aka bar wa 'yan ƙasa ta ƙanƙara mai sumul ɗin ciki da albarushin kasuwa. Daga baya a ƙasashen renon Faransa sai Simplex ta kamfanin Manufrance na Saint-Étienne ta bazu, kalibar 12 mai baki ɗaya, sannan Baikal ta Rasha ta biyo. Maƙeranmu suka kalli waɗannan suka kwaikwaya.

Gwanintar tana nan, babu mai musu. Maƙerin da zai kalli abu sau ɗaya ya fitar da irinsa da guduma da zarto da zuga-zugi ba ƙaramin mai basira ba ne. Bambancinsa da na Ferlach shi ne ƙarfen da yake samu, da makaranta, da gidan gwaji. Sau da yawa bututun ba don bindiga aka yi shi ba, ba a kuma taɓa auna iyakar abin da zai iya jurewa ba. Kusan kowane yanki na maharba akwai wanda bindiga ta fashe a hannunsa ta tafi da yatsu ko ido. Araha dai ba ta ado.

Ga kuma matsalar tsaro da ta dagula komai. A Zamfara da Katsina da kudancin jihar Maraɗi, bindigar da aka sani ta farauta yanzu ta zama abin da ɗan banga ke tsare ƙauye da ita, wani lokaci kuma abin da ɓarawo ke fara sana'a da ita. Hukumomi na kallon maƙerin bindiga a matsayin mai laifi, shi kuma ya koma aiki a ɓoye, inda babu mai duba ingancin abin da ya ƙera balle wanda ya sayar wa. A Gana an daɗe ana muhawara kan ko a yi wa irin waɗannan maƙera rajista a sa musu ido, ko a ci gaba da haramcin da bai hana aikin ba.

Harsashi ɗaya da makomar dawa

In ka tambayi masu sayen mai ci ɗaya dalilinsu, maganar takan koma kan tarbiyya. Wanda ya san ba shi da na biyu a shirye ba ya harbin gaggawa. Zai duba iska, ya yi sanɗa ya matso, ya jira dabba ta juya ta ba shi haƙarƙari, in bai sami yadda yake so ba ya haƙura ya koma gida hannu rabbana. Mai harsashi biyar kuwa zuciyarsa kan raya masa cewa in na farko ya kuskure akwai saura, daga nan ake samun dabbar da aka karya wa ƙafa ta shige ƙungurmi ta mutu bayan kwana uku.

Tsohon maharbin Bahaushe bai buƙaci a fassara masa wannan ba. Wanda ɗurin bindigarsa ke cin minti guda ko fiye, ga albarushi da tsada, dole ya san sawu, ya san mashaya, ya san lokacin da dabba ke da ciki a ƙyale ta. Sarkin Baka da manyan maharba na da dokokinsu na shiga daji tun kafin zuwan gandiroba. Addini ma ya zo da nasa: a ambaci sunan Allah yayin harbi, a kyautata kisa, kada a azabtar da dabba ko a kashe ta don wasa.

Sai dai kada a ɗauka bindigar ce ke sa tarbiyya. Sharps mai ci ɗaya ce, amma tana cikin manyan makaman da aka yi amfani da su aka ƙarar da baunar Amurka, daga miliyoyi masu yawa zuwa ƙasa da dubu a ƙarshen shekarun 1880, musamman saboda kamfanonin jima na sayen fata. In kasuwa ta buɗe baki kuma babu doka, harsashi ɗaya-ɗaya ma ya isa ya share daji. Haka kuma ko masu son ta sun yarda tana da iyaka. Gwani kan maƙale harsashi biyu tsakanin yatsu ya sake ɗuri cikin daƙiƙa kaɗan, amma baunar da aka yi wa rauni ba ta ba da daƙiƙa. Shi ya sa a yankunan farauta na arewacin Kamaru, kewayen gandayen Bénoué da Faro da Bouba Ndjida, inda baƙi daga Turai da Amurka ke zuwa da rani, ƙwararren jagora ke tsayawa a gefen baƙo da babbar bindiga mai baki biyu ko mai sakata.

A yankinmu an ga ƙarshen abin da rashin wannan tarbiyya ke jawowa. A farkon 2012 mahaya dawaki ɗauke da Kalashnikov sun shiga Bouba Ndjida suka kashe giwaye ɗaruruwa cikin 'yan makonni. Mariri, wanda a da ke yawo garke-garke a sahel ɗin Nijar da Chadi, an ayyana shi a matsayin wanda ya ƙare a daji a shekara ta 2000, bayan fari da yaƙi da farauta da mota sun haɗu a kansa. Sai a 2016 aka fara dawo da waɗanda aka kiwata a waje zuwa gandun Ouadi Rimé-Ouadi Achim na Chadi. Raƙuman dawan Kouré, kusa da Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996. Da aka tsaya tsayin daka aka kare su tare da mutanen ƙauyukan, yau sun haura 600.

Kafin a sa hannu a aljihu

Ga mai karatu da ke da hali kuma abin ya ba shi sha'awa, maganar ba daga shago take farawa ba. A Nijar mallakar bindiga na buƙatar izinin hukuma, farauta kuma na ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta watan Afrilun 1998, wadda ta tsara farmin farauta da dabbobin da aka hana taɓawa. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa ko bindigar toka sai da lasisi. A Gana ana rufe farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara don dabbobi su hayayyafa. Shigo da bindiga ko harsashi ta kan iyaka ba tare da takarda ba kuwa, komai kyan icenta, a wurin 'yan duwan da jandarma sunanta makami, kuma a halin da ake ciki a Sahel ba laifi ne da ake sassautawa ba.

Bayan takarda sai ajiya da horo. Bindiga a kulle, harsashi a wani wuri daban, nesa da yara. Kafin a fita kuma a je fili a gwada saiti har hannu ya faɗa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Mafi yawan maharbanmu ba za su taɓa riƙe ƙirar Ferlach ba, ba su ma da buƙatarta. Abin da attajirin Turai ke biyan miliyan 20 don ya tilasta wa kansa, wato haƙuri da sanɗa da sanin lokacin da ya kamata a sauke bindiga, su gado suka yi. Abin da suka rasa shi ne bututun da aka gwada aka tabbatar ba zai fashe ba, da hukumar da za ta bambance maharbi da ɗan ta'adda, da kuma dajin da za a bar wa 'ya'ya da sauran barewa a ciki.